Me ya sa tsoho a Konya yake haƙa rijiya a Nijar?

Ɗan Konya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai tun da na dawo daga karatu a Turkiyya, ina so ku taya ni dubawa.

Shekara biyar na yi a Konya, ukun ƙarshe a gidan haya. Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya, yana zaune a hawan ƙasa, ɗansa da iyalinsa a na tsakiya, mu ɗalibai a sama. Ranar da ya fara kirana shan shayi, na ga wani hoto a bango kusa da agogo: yara sun kewaye famfon tuƙa-tuƙa, ga allo a gefe da jar tutar Turkiyya da sunan wata mata. Ya ce sunan marigayiya matarsa ne, rijiyar kuma a Nijar take. Kuɗin fanshonsa ya riƙa ragewa har ya tara ya ba wata ƙungiya ta haƙa. Bai taɓa zuwa Afirka ba, kai Nijar da Najeriya ma rikita masa suke yi. Na tambaye shi me ya sa can, ba a nan kusa ba. Ya ce sadaka ce mai gudana, sannan ya ƙara da wata kalma da na riƙa ji a bakin Turkawa har na dawo: ecdad, wato kakanni. A ganinsa kakanninsu ne suka riƙe amanar Musulmi ɗaruruwan shekaru, don haka jikokinsu ba su da ikon juya baya.

Ɗansa kuwa, injiniya ne, ko kaɗan ba ya tare da shi. A 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a lissafin gwamnati kanta, sau da yawa nakan jiyo su suna musu a matakala. Ɗan yana cewa ana gina masallatai a ƙasashen da ba su sani ba alhali mai fansho a Konya ya kasa sayen nama. Uban yana cewa ai ba yau aka fara talauci ba.

Gida ɗaya, addini ɗaya, kuɗin burodi ɗaya, amma ra'ayi biyu. Abin da na fahimta shi ne kowannensu akwai tarihin da yake jin shi ne magajinsa. Uban ɗan daula ne a zuciyarsa, ɗan kuwa ɗan jamhuriya. Wanda ke ganin ƙasarsa ragowar wata babbar wayewa ce, shi ne yake yarda a ɗauki kuɗinsa da addininsa da harshensa a kai wa wasu. Ko na yi kuskure?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, labarin dattijon ya taɓa ni, amma kada mu haɗa shi da gwamnati. Gwamnati kasuwa take nema. A 2002 ofisoshin jakadancin Turkiyya a Afirka 12 ne, yanzu sun haura 40. Kamfaninsu Summa ne ya sabunta filin jirgin saman Yamai kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Nijar ta sayi jiragensu marasa matuƙi. A Mogadishu tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama duk kamfanonin Turkiyya ke gudanarwa, ga sansanin soja da suka buɗe a 2017. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Konya:
Ban musa ko ɗaya ba. Amma tambayata ba kan dalilin gwamnati ba ce. Gwamnati ko'ina riba take bi. Tambayar ita ce me ya sa talaka ke tafa mata. Dattijon nan ba shi da hannun jari a kamfanin da ke riƙe da tashar Mogadishu, amma ranar da aka nuna Erdogan a Somaliya sai ya kira ni in zo in gani.

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a sakandare, bari in sa baki.

Da farko mu bambance, domin mu a nan in an ce Daular Usmaniyya hankali Sakkwato yake tafiya. Wadda ake magana ita ce ta Turkawa, wadda ta ci Santambul a 1453 ta riƙe Makka da Madina kusan shekara ɗari huɗu.

Ɗana Ɗan Konya ya kama bakin zaren. Musun da ya ji a matakala ya girmi uban da ɗan duka. Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriya a 1923. Ranar 3 ga Maris 1924 aka soke halifanci. A 1928 aka daina rubutu da haruffan Larabci, aka koma na boko, ta yadda jika ba ya iya karanta wasiƙar kakansa. Daga 1932 zuwa 1950 ko kiran salla da Turkanci ake yi. Saƙon da aka ba jama'a shi ne: daula ta mutu, ɗaukar nauyin duniya shi ya karya mu, yanzu mu gyara gida mu fuskanci Turai. Taken Ataturk da kowane ɗan makaranta ya haddace yana cewa zaman lafiya a gida, zaman lafiya a duniya. Wanda ya tashi da wannan karatu, in ka ce masa a gina masallaci a Jibuti da kuɗin haraji, zai tambaye ka me ya haɗa mu.

Amma mutanen karkarar Anatoliya, irin su Konya da Kayseri, da yawansu ba su taɓa yarda a zuci cewa wancan tarihi ya mutu ba. Sun yi shiru ne kawai. Da suka yi arziki daga shekarun 1980 zamanin Turgut Ozal, suka kuma sami gwamnatinsu a 2002, sai abin da ke cikin ƙirji ya fito fili. Ku duba 2011. An yi fari da yunwa a Somaliya, ya zo daidai da azumi. Erdogan ya ɗauki iyalinsa ya sauka Mogadishu a watan Agusta, lokacin da shugabannin wajen Afirka suka shafe kusan shekara ashirin ba su taka garin ba. Jama'a suka riƙa tura gudummawa ta saƙon waya, ana tarawa a masallatai. Ba wanda ya tilasta musu. Sun ji ne kamar an dawo musu da wani matsayi da aka ƙwace. Mu ma ai muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa.

Haka lokacin da aka mayar da Aya Sofiya masallaci a Yulin 2020, bayan ta zama gidan tarihi tun 1934. Wani ya yi kukan farin ciki, maƙwabcinsa ya ce an koma baya. Layin da ya raba su a kan wannan gini, kusan shi ne ya raba su a kan rijiyar Nijar.

Hajiya 'Yar Kwari:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma shekara goma sha ina zuwa kasuwar Laleli a Santambul saro abaya da kayan yara, abin da ido ya gani zan faɗa.

Maganar kashi biyu da kuke yi, ni uku na gani. Akwai mai shagon da in na shiga zai miƙe, ya ce 'yar'uwa, ya aika a kawo shayi, in lokacin salla ya yi ya nuna mini inda zan yi. Akwai wanda ciniki kawai ya sani, ba ruwansa. Sannan akwai na ukun, wani da nake sayen gyale wurinsa, mai kishin Turkanci sosai. Shi ba Afirka ce a gabansa ba, ba kuma Larabawa ba. In ana maganar Azarbaijan ko Kazakistan ko Uigur na Sin, nan ne idonsa ke kawo ruwa. Lokacin yaƙin Karabak a 2020 tutar Azarbaijan ya rataya a ƙofar shago, yana ta maimaita mini cewa al'umma ɗaya ce ƙasa biyu. Amma shi ɗin dai, in 'yan Siriya suka wuce sai ya tsuke fuska. To ka ga shi ma yana son a fita waje a taimaki 'yan'uwa, sai dai 'yan'uwan nasa daban ne da na dattijonka.

Malam Mai Alli:
Hajiya kin kawo abin da na tsallake. Ita TIKA, hukumar agaji ta gwamnatin Turkiyya da muke ganin allunanta a Afirka, a 1992 aka kafa ta, kuma ba don mu ba. Don ƙasashen Turkawa na tsakiyar Asiya ne da suka fita daga Tarayyar Sobiyet. Daga baya ne ta faɗaɗa.

Ɗan Konya:
Gaskiya ne Hajiya, na yarda uku ne. Suna ma da wata magana da 'yan siyasarsu ke yawan faɗa, gönül coğrafyası, ma'ana ƙasashen da zuciya ta kai, waɗanda suka wuce iyakar taswira. Kowa akwai inda zuciyarsa ta tsaya. Ta mai gyale ta nufi gabas, ta dattijona ta bi alƙibla ta zarce kudu, ta ɗansa kuwa Jamus take kallo.

Ɗan Abzin:
Salam daga Agadas. Ina karanta ku tun ɗazu, abin ya zo har ƙofar gidanmu.

Mu nan tun muna yara ake ba mu labari cewa da ƙabilun Abzinawa suka gaji da rikici a tsakaninsu, sai suka aika Santambul a ba su sarki, sarkin can ya ba su ɗansa Yunus, shi ne farkon sarautar Agadas. Turkawa in sun zo nan wannan labari suke fara tambaya. Na taɓa yi wa wasu tafinta lokacin layya, sun zo yanka shanu a madadin mutanen ƙasarsu. Wani a cikinsu, mai furfura, da aka kai su gaban hasumiyar babban masallaci aka ba shi labarin Yunus, sai ya zauna a ƙasa yana hawaye. Ya ɗauko waya yana nuna wa matarsa, yana cewa ga 'yan'uwanmu da muka manta. Wallahi ba wasa yake ba, na ga fuskarsa.

Ni dai abin da na sani, naman ya shiga gidajen da suka daɗe ba su ga nama ba. Famfon da suka kafa a ƙauyen kakata ya hutar da mata tafiyar awa biyu. Duk wanda zai ce yaudara ce, ya zo ya ɗauki jarka ya gwada tafiyar.

Malam Mai Alli:
Ɗana, ba na raina tarihin baka, kuma ina girmama fadar Agadas. Amma akwai abin lura. Ana sa farkon sarautar Yunus wajen 1405. A lokacin Santambul tana hannun Rumawa Kiristoci, sai bayan shekara 48 Usmaniyawa suka ci ta. Shi ya sa masana da yawa ke ɗaukar labarin a matsayin hanyar ɗaukaka asali, irin yadda gidajen sarauta da dama ke danganta kansu da gabas.

Alaƙar da ke rubuce ita ce ta Barno. Mai Idris Alauma ya aika jakadu Santambul, Sarki Murad na Uku ya amsa masa a 1577, kuma akwai Turkawa masu bindiga a rundunar Barno. Abin da nake so ku lura shi ne Mai Idris bai rubuta a matsayin ƙane mai neman taimako ba. Sarki ne ke magana da sarki, har da ja-in-ja a kan Fezzan da tsaron hanyar mahajjata da fatake. To wanne daga cikin labaran biyu ya fi yawo a kafafen yaɗa labaran Turkiyya? Na Yunus. Domin shi ne ya dace da hoton da suke so su gani: uba ya ba da ɗa, yanzu ya dawo neman jikoki.

Ɗan Abzin:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma mu ma ai labarin ya yi mana amfani, ba su kaɗai ba. Mu muka riƙe shi shekaru aru-aru kafin su zo.

Ɗan Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan, duk da halin da muke ciki. Kakanninmu sun zo nan ne bayan yaƙin Burmi na 1903, muka zauna bakin kogin Nilu.

Ina so in faɗa wa Ɗan Konya cewa tarihin da dattijonsa ke alfahari da shi, a nan wani suna gare shi. Zamanin da sojojin Muhammad Ali na Masar suka shigo da sunan sarkin Santambul, daga 1821 zuwa 1885, mutanen Sudan Turkiyya suke kiransa, kuma abin da ake tunawa shi ne haraji mai tsanani da farautar bayi. A kansa Mahadi ya tashi a 1881. Na san za a ce Masarawa ne suka yi ba Turkawan Anatoliya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sunan ya zauna. Da Erdogan ya zo a Disambar 2017 aka ce za su gyara tsohon garin Sawakin, wasu sun yi murna don gine-ginen sun ruguje, wasu kuwa suka ce me ya dawo da su. Masar da Saudiyya ma ba su ji daɗi ba.

Wanda ya yi mulki yana tuna masallatai da rijiyoyin da ya gina. Wanda aka mulka yana tuna mai karɓar haraji. Dattijonka bai san wannan ɓangaren ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba.

Ɗan Konya:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, Yaya. Wannan magana ta yi mini nauyi, don gaskiya ce. Abokan karatuna Turkawa kusan dukkansu sun yi imani cewa su ba su taɓa yi wa kowa mulkin mallaka ba, kuma wannan imani shi ne ginshiƙin komai. Shi ke sa mutum ya ba da kuɗi zuciyarsa wasai, yana cewa mu ba kamar Faransa ba ne. Wani ɗan ajinmu Bakurde ya taɓa ce mini, kafin su kai adalci Afirka su fara kawo shi Diyarbakir, babban garin Kurdawa a Turkiyya. A hankali ya faɗa, bayan ya waiga.

Mai Lissafi:
To ai ka dawo kan maganata ta wata ƙofar. Faransa ma haka ta ce. A 1885 Jules Ferry ya tsaya a majalisa ya ce wajibi ne a kan jinsunan da suka fi su wayar da na ƙasa. Talakan Faransa da yawa sun yarda alheri ake kai mana. Lakwal da asibiti aka nuna musu, ba aikin tilas ba. Duk mai cewa yana da wayewar da zai kai wa wani, ya riga ya ɗora kansa a sama.

'Yar Zango:
Ina gaida kowa daga Ankara, ta Gana ba ta Turkiyya ba. Mai Lissafi, a nan ban bi ka ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya zo da bindiga ya ce addininka da harshenka ba komai ba ne, da wanda ya zo ya tsaya sahu ɗaya da kai. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wata gidauniyar Turkiyya ce ta gina, aka buɗe a 2021. Hasumiya huɗu, daga nesa kake hango shi. Mu Musulmin Gana marasa rinjaye ne. Ba za ka gane abin da ginin nan ya yi wa zuciyar yaran Nima da Mamobi ba sai ka zauna cikinmu. Ranar sallar idi mahaifiyata, mai shekara 70 da ɗoriya, ta ce a kai ta ko da keken guragu ne.

Amma zan faɗi abin da ya tsaya mini. Siffar masallacin ta Santambul ce tsaf, da ƙubbobi da sirarran hasumiyoyi. Mu kuwa muna da Larabanga a arewa, ginin ƙasa da itace irin na kakanninmu. Ba wanda ya tambaye mu wace siffa muke so. Na tabbata mai ba da kuɗin a Turkiyya, in aka nuna masa hoton ginin laka, ba zai ji abin da yake ji in ya ga irin na garinsu ya tsaya a Afirka ba. Yana so ya leƙa ya ga kansa.

Ɗan Konya:
Yaya 'Yar Zango, kin faɗi abin da na kasa faɗa tun farko. Bari in ba ku misalin da ya fi kowanne nuna haka.

Kafin 2016 akwai makarantun Turkawa a ƙasashe da yawa, har da Najeriya tun 1998, na mabiyan wani malamin addini, Fethullah Gulen. 'Yan kasuwar Anatoliya ne ke tara musu kuɗi a zaman da suke kira himmet, kalmar da muke cewa himma. Kowace shekara ana kawo yara daga waɗannan makarantu gasar Turkanci, a cika filin wasa. Yarinya daga Afirka ta hau dandamali ta rera waƙar Turkanci, manyan mutane suna kuka a kujeru. Dattijona ya ba ni labarin ya taɓa zuwa, ya ce ranar bai yi barci ba don daɗi.

Sai aka yi yunƙurin juyin mulki ranar 15 ga Yuli 2016, aka kashe mutum wajen 250, gwamnati ta ɗora wa mutanen Gulen. Makarantun da ake alfahari da su a da suka zama na maƙiya. Aka sa gidauniyar Maarif ta gwamnati ta karɓe su. Nijar ta miƙa nata, Najeriya ta ƙi rufewa. Yaran da malaman su ne dai na jiya, karatun bai canja ba. Abin da ya canja shi ne wa ke da ikon cewa shi ne wakilin Turkiyya. Goyon bayan jama'a bai bi yaran ba, ya bi tuta.

Hajiya 'Yar Kwari:
Kuma yana bin aljihu, ƙanena. Kar mu manta. Da na fara zuwa, dala ɗaya ba ta wuce lira biyu ba. A 2024 ta haura talatin. Na ga yadda fuskoki suka canja. 'Yan Siriya sun kai miliyan uku da rabi a ƙasar, da farko baƙi ake ce musu, ana kawo misalin Muhajirai da Ansar. Daga baya aka far wa shagunansu a wata unguwa ta Ankara ta Turkiyya a 2021, aka sake a Kayseri a 2024. Kayserin da Malam ya ambata cikin garuruwan masu addini. Mu ma baƙaƙen fata mun ji a jikinmu, binciken takardu a titi ya ƙaru, wani mai otal da na saba sauka wurinsa ya fara yi mini magana kamar bai san ni ba.

Har layyar da Ɗan Abzin ya gani, wani abokin cinikina ya gaya mini gaskiya cewa kason saniya a Afirka ya fi rago a Santambul araha nesa ba kusa ba. Ya samu lada, ya samu sauƙi. Ban ga laifinsa ba. Amma ɗan'uwa na nesa da ake gani a hoto ya fi sauƙin so a kan wanda ya zo yana neman aiki a layinku.

Malam Mai Alli:
Hajiya, wannan ba halin Turkawa kaɗai ba ne, kuma a nan ne nake so mu dubi kanmu kaɗan. Ina matashi lokacin Murtala. Mun yarda har zuci cewa Najeriya ce babbar yayar baƙar fata. Da aka amince da gwamnatin MPLA a Angola a 1975 duk da matsin Amurka, mun yi ta murna a makaranta. Aka buɗe asusun taimakon kudancin Afirka a 1976, ma'aikata suka ba da daga albashinsu, ɗalibai suka ba da kuɗin abincinsu. A 1987 aka kafa shirin tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karibiyan, abokina ya yi shekara biyu yana koyarwa a waje ta wannan hanya. Sojojinmu suka mutu a Laberiya da Saliyo. Ba wanda ya kawo mana lissafin riba. Mun ji cewa mu wasu ne, shi ya sa.

Yau ka je tasha ka ce a tura malamai waje, ka ji amsar da za a ba ka: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma da aka far wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu a 2019, me muka ce? Bayan duk abin da muka yi muku. Ashe muna jiran godiya ba mu sani ba. Ina jin tsoron ranar da dattijon Konya zai ji wata ƙasar Afirka ta juya wa Turkiyya baya, irin wannan ciwon zai ji.

Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe, wannan na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan cewa gwamnati ta san wannan rauni na jama'a, tana kuma amfani da shi. Fina-finan tarihin sarakunansu da gidan talabijin na gwamnati ke yi, waɗanda yaranmu ke kallo da fassarar Hausa, Turkawa aka fara yi wa kafin mu. TRT Afrika da aka buɗe a 2023 da sashen Hausa, ba sadaka ba ce.

Ɗan Konya:
Ba sadaka ba ce, haka ma sauran gidajen rediyon waje da muka tashi muna saurare. Amma gwamnati ba ta ƙirƙiri abin da ke zuciyar dattijon ba, ta same shi ne a can ta hura. Kuma ba ta iya hura shi a zuciyar ɗansa ba duk da shekara ashirin tana ƙoƙari. A zaɓen 2023 kusan kashi 48 cikin ɗari ba su zaɓi Erdogan ba.

Abu ɗaya ya hana ni yanke wa tsohon hukunci. Bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya, mu ɗaliban Afirka muka je ba da jini, muka yi kwanaki muna ɗaure kwalayen barguna. Da na dawo gida da dare ya tare ni a ƙofa, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya ce bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana mu ne za mu ba su ba. Ɗan nasa yana tsaye a bayansa, shi ne ya karɓi jakata ya hau da ita sama.

Ɗan Abzin:
Ɗan Konya, in kana da hoton nan na bango, turo mini ta akwati. A allunan nan sukan rubuta sunan ƙauye da jiha a ƙasa. In wajen Tawa ne ko Damagaram ina da mutane a hanya. Da yawan famfunan nan bayan shekara uku huɗu kan lalace, ƙungiyar da ta haƙa ta wuce gaba, sai mutanen gari su yi karo-karo su kira mai gyara. Na ƙauyen kakata jika arba'in muka tara bara aka canja masa roba da sanda. In nasa na aiki a ɗauko masa sabon hoto, in ya tsaya mu ga abin da za a yi.

Ɗan Konya:
Ban ɗauka ba a lokacin, amma ina da lambar ɗan. Yau Juma'a, bayan la'asar yakan sauko wurin uban shan shayi. Zan ce ya ɗauko allon kusa-kusa yadda rubutun zai fito.